Safar Likita da Limancin Tasha

Na daɗe ina juya maganar rubuta wannan babi a raina. Nakan ɗauki biro in ajiye, domin karatuna na boko bai wuce firamare ba. Ina tsoron in faɗi maganar likitoci ba daidai ba wani ya ɗauka ya cutu, ko in faɗi ta malamai ba daidai ba in ɗauki alhaki. Abin da ya sa na daure shi ne maganar da na ji a bakin ɗana Nura ranar sunan 'yarsa. Yana ba abokansa labarina, sai na ji ya ce wai a da ni ke limanci a tashar da nake sayar da shayi a Utako, amma da na canja aƙida sai jama'a suka cire ni. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, abin da ya taso ya ji ke nan. To ku sani, ku 'ya'yana, ban canja aƙida ba, kuma babu wanda ya cire ni. Ƙafata ta hagu ce ta jawo komai.

A shekarun da sojoji suka koma bariki, Abuja ta buɗe irin buɗewar da ban taɓa gani ba. Ko'ina gini ake yi, motoci na sauke mutane daga kowace kusurwa, kowa da wayar hannu a kunne yana cewa ya iso. Muna zaune a Karmo ni da mahaifiyarku Binta, teburina kuma yana bakin ƙofar tasha. Daga na sauka bayan asuba ba na sake zama sai zaman tahiya. Leburori, direbobi, ma'aikatan gwamnati da ke rako 'yan'uwansu, matafiya masu jiran mota ta cika, kowa shayi da burodi da ƙwai. Akwai benci a gabana, amma na masu saye ne. A ganina rashin kunya ne mai shayi ya zauna alhali wanda ya kawo masa ciniki yana tsaye. A bayan tashar muna da ɗan masallaci na kwano, kuma ni aka sa gaba. Ba don na fi kowa sani ba. Na ɗan yi karatu a wurin Malam Isiyaku kafin ya koma Uke da zama, sannan jama'a sun ga yadda nake alwala. Ni mutum ne da kan kulle ƙofa, in yi nisa, in dawo in taɓa kwaɗon. Haka nake da alwala: in na gama sai zuciyata ta ce anya ruwa ya taɓa diddige, sai in sake. Su suna kiran wannan tsoron Allah. Binta tana kiransa waswasi, kuma ita ta fi su gaskiya.

Jijiyoyin sun fara ne a bayan gwiwa, sirara, masu duhu. A hankali suka kumbura suka sauko sha-raɓa a murɗe kamar igiyar guga da aka yar a ƙasa. Da yamma ƙafar takan yi nauyi kamar ba tawa ba, idon sawu ya kumbura, fatar wurin ta yi baƙi tana ƙaiƙayi. Na san su, domin mahaifiyata tana da irinsu, kuma takan ce haihuwarmu ce ta bar mata su. Saboda haka na ɗauka ciwon mata ne, na riƙa ɓoyewa. Amma mai alwala a bainar jama'a ba ya iya ɓoye ƙafa. Wanda ya fara gani shi ne Ndagi, wani direba Banufe mai zuwa Bidda, wanda tun da ya ji ni Bakatsine ne, abokin wasansu, bai sake bari na huta ba.

"Bawana, wannan ƙafa naka maciji ta shiga ne?"

"Wuce ka ba ni wuri. Da ka san maciji da ba ka kwana a ƙarƙashin mota ba."

"Ka kai shi asibiti, Liman. In ka mutu wa zai ba ubangidanka shayi?"

Ban je asibiti ba. Wurin Tanko wanzami na je, maƙwabcinmu a Karmo, wanda ya shekara da shekaru yana yi mini ƙaho a baya ina jin daɗi. Ya duba ya latsa, ya ce mataccen jini ne ya taru, in aka zuƙe shi za su kwanta. Nima abin da nake zato ke nan. Ya yi tsaga kusa da idon sawu, bai ma kai ga kafa ƙahon ba jini ya yi tsartuwa har kan rigarsa. Ban taɓa ganin jini ya fita daga ɗan ƙaramin yanka haka ba. Ina zaune a kan turmi yana ta zuba, Tanko ya rasa abin yi. Binta ce ta fito ta ce in kwanta a ƙasa, ta ɗaga ƙafar ta jingina da bango, ta danne wurin da zane har ya tsaya. Daga baya likita ta ce mini abin da ta yi shi ne daidai. Ba na zargin Tanko, abin da ya gada ya yi, kuma ni na kai kaina. Amma yankan bai warke ba. Ya riƙa faɗi yana ruwa har ya zama gyambo, ni kuma ina ɗaure shi da tsumma ina ci gaba da tsayuwa.

Akwai wani ma'aikacin gwamnati Bazazzagi, Alhaji Mansur, da kan tsaya ya sha shayina kafin ya wuce ofis. Wata safiya ya ga ƙasan wandona a jiƙe, ya ce in nuna masa. Da ya gani sai ya ajiye kofin, bai ƙarasa ba.

"Malam Sabi'u, da wannan kake tsayuwa tun safe?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Babu wani sauƙi. Rufe teburin nan ka shiga mota."

Likitar da ta duba ni a asibitin gwamnati mace ce, ba ta kai shekarun ƙanwata ba, na ji nauyin naɗe wando a gabanta. Amma ta yi mini bayani da Hausar da na gane, kuma zan faɗe shi yadda na riƙe. Ta ce jinin da ya sauka ƙafa dole ya hau ya koma zuciya, kuma a cikin jijiyoyin akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa sama kawai, su rufe kada ya dawo. Naman sha-raɓa shi ke matsa jinin ya hau duk lokacin da mutum ya taka. In mutum ya tsaya wuri ɗaya yini guda, jinin sai ya taru ya danne ƙofofin har su saki, jijiya ta buɗe ta murɗe. Ta ce ana gadonsa, ciki yana kawo shi, ƙiba da tsufa suna ƙara shi, kuma maza ma suna yi. Ta tambaye ni ko akwai mai shi a gidanmu, na ce mahaifiyata.

"To ka gada, sana'arka kuma ta ƙarasa. Kuma jinin nan ba matacce ba ne, Baba. Rayayye ne, hanya ce ta lalace masa. Kada ka sake bari a sa masa aska."

Aka wanke gyambon, aka naɗe ƙafar da bandeji tun daga yatsu har gwiwa, aka ce nas ce kaɗai za ta riƙa kwancewa. Aka ce in na kwanta in ɗora ƙafa a kan abin da ya fi ƙirjina tudu, in riƙa tafiya, in kuma tsayuwa ta zama dole in riƙa ɗagawa a kan yatsu ina sauka. Binta ta cika wani buhu da tsummoki ta ajiye a ƙarshen katifa. A tasha kuwa, duk lokacin da na fara ɗagawa a kan yatsu ina soya ƙwai, sai Ndagi ya kira mutane su zo su ga liman yana rawa. Wannan lokacin bai dame ni ba ta wajen salla, domin kowa ya san mai ɗauri a kan ciwo shafa yake yi. Muka ci damina a haka, gyambon ya riƙa tsukewa, har ya rufe ya bar tabo.

Da ya warke ne wahalar ta fara. Likita ta ce bandeji ya ƙare, yanzu sai safa. Ba irin safar da kuka sani ba ce. Wata aba ce mai tauri, ruwan ƙasa, tana matse idon sawu sosai, tana sassautawa in ta hau sama. Ta ce in saka ta da sassafe kafin ƙafa ta kumbura, kada in cire sai zan kwanta, kuma haka zan yi ta yi muddin ina wannan sana'a, in ba haka ba gyambon zai dawo. Na tambaye ta alwala fa. Ta ce cirewa ta ɗan lokaci ba komai ba ce, in dai zan mayar nan take. Ita ba ta san irin alwalata ba. A raina na ce yanzu babu ciwo a ƙarƙashi, fata ce lafiyayya, saboda haka wankewa ta wajaba. Da azahar sai in cire. Mayar da ita a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa da ta riga ta kumbura kuwa kokawa ce, ina ja ina gumi, jama'a na jira a sahu. In na samu ta hau, sai shakka ta zo mini, in sake cirewa. Daga baya sai na riƙa cusa ta a aljihu tun azahar, in yini babu ita. Ba a daɗe ba tabon ya fara ja yana ƙaiƙayi, wata rana na ga ɗan ruwa a jiki.

Sai na yi wata dabara da na ɗauka ta raba gardama. Na ce zan yi alwala da asuba, in saka safa, in riƙe alwalar har isha'i. Wanda zai riƙe alwala yini guda kuwa dole ya kiyaye cikinsa. Na daina karya kumallo. Na daina shan ruwa sai ɗan kurɓi. Ga shi bazara ta shigo, zafin Abuja na dukan kwano, ni kuma ina tsaye a gaban wuta ina zuba wa mutane shayi, maƙogwarona a bushe. Ban gaya wa kowa ba. Binta ta ga ina dawo da abincin da take ɗaura mini, na ce ciniki ne ya hana ni ci. Na yi kwanaki a haka, kaina na ciwo, fitsarina ya koma ja. Ranar da abin ya ƙare, na ɗaga buta zan zuba wa wani fasinja, sai na ga tashar ta juya. Na farfaɗo a kwance a kan benci, Ndagi yana tallafe da kaina, ya kafa mini ledar ruwa a baki.

"Sha."

"Alwalata..."

"Ruwa ba ta karya alwala. Kai liman ne, ni zan koya maka?"

"Abin da ruwan zai jawo fa?"

"In ta jawo ka je bayi kamar kowa. Sha, bawana, ko in ɗura maka kamar akuya."

Shi ya kai ni gida a motarsa, ya kuma tona mini asiri a gaban Binta. Ta jira har ya tafi. Ta ajiye mini kunu, ta zauna a bakin ƙofa tana kallona har na shanye.

"Malam, wa ya ba ka wannan fatawar?"

"Babu kowa."

"Kullum kai ke ce wa mutane in abu ya shige musu duhu su tambaya. Kai wa ka tambaya?"

"Ina jin kunya ne a ce liman bai san hukuncin alwalarsa ba."

"To ai yanzu duk tasha ta sani. Gobe ka tafi Uke. In ba ka je ba ni zan je, kuma ni zan faɗa masa yadda na ga dama."

Na tarar da Malam Isiyaku a zaure, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na naɗe wando na nuna masa, ya sa hannu ya shafa safar, ya ja ta ya ji taurinta. Ya tambaye ni abin da likita ta ce, ya tambaye ni abin da ya faru da na riƙa cirewa. Da na ba shi labarin ƙishirwar da na ɗora wa kaina sai ya yi dariya har da tari.

"Sabi'u, har yanzu kana nan yadda na san ka. Safar ado daban, safar magani daban. Wannan ɗaurin ciwo ce, ko da ciwon ya rufe, tunda cire ta na dawo da shi, kuma ka gwada ka gani. Ka yi cikakkiyar alwala da asuba ka saka. Sauran yini ka wanke ta dama, ka shafa ta hagu. Sau ɗaya, ba sau goma ba."

"Allah gafarta Malam, in wani malamin ya ce ba haka ba fa?"

"Za a samu. Kai dai ka tambaya an ba ka amsa. Kada ka bi gari kana tara amsoshi, irinka ba ya ƙoshi."

"To limancin fa?"

Ya ce sallar duk wanda ya bi ni ta yi, babu shakka a ciki. Sai dai malamanmu sun fi son mai lafiya ya ja masu lafiya in akwai shi. Ya ƙara da cewa shi bai ce in sauka ba.

A mota ina dawowa na yi ta tunani. Wa kaina, na karɓi maganar Malam, kuma na ji wani sauƙi da na daɗe ban ji ba. Amma na san halina. Na san duk ranar da na ɗaga hannu zan yi kabbara, zuciyata za ta koma baya tana duba mutanen da suka rataya sallarsu a wuyana: direban da zai hau hanya, matafiyin da ba zan sake gani ba balle in ce masa ya rama. Zan yi ta tunaninsu har in manta abin da nake karantawa. Dole in ajiye ɗaya, ko safar ko limancin. In na ajiye safar, gyambo zai dawo, teburin da kuke ci daga gare shi ya rufe. Washegari da azahar na yi alwala a gaban kowa, na shafa ta hagu, sannan na kama hannun Hadi mai faci, wanda na san ya fi ni ƙira'a, na tura shi gaba. Na ce wa jama'a ina da uzuri, daga yau shi ne liman. Iyakar abin da na faɗa ke nan, domin har lokacin ina jin kunyar in tsaya ina bayanin jijiyoyin ƙafata.

Daga nan maganar da kuka ji ta samo asali. A wancan lokaci shafa a kan safa alama ce da ake gane ɓangaren aƙidar mutum da ita. Waɗanda suka ga na shafa, suka kuma ga wani a gaba, sai suka haɗa biyun. Wasu dattawa 'yan garinmu suka daina zama a bencina, in sun wuce sallama kawai. Wannan ya yi mini ciwo. Abin da ya fi ba ni kunya kuma shi ne wasu samari da suka zo takanas suna yi mini murna wai na gane gaskiya. Na ce musu ni ba abin da na gane sai ƙafata. Ndagi ne ya riƙa bin mutane yana cewa Bakatsinen nan ba shi da wayon canja aƙida, ciwo ne kawai. Wasu suka yarda, wasu ba su yarda ba, tasha kuwa kullum sababbin mutane ne, labarin da ya fi daɗin faɗa shi ya zauna.

Ba zan ɓoye muku ba, makonnin farko in Hadi ya yi kabbara nakan ji ba daɗi. An daina ce mini Liman, aka koma mai shayi. Amma a sahun baya na fara jin abin da ake karantawa, ba tare da ina lissafin kowa ba sai kaina. Na sa kafinta ya yi mini doguwar kujera, ina zuba shayi a zaune in ciniki ya lafa, kuma babu wanda ya ce na yi rashin kunya. Gyambon bai sake dawowa ba. Jijiyoyin suna nan, ba su kwanta ba, an ce sai da aiki, ni kuma na ji tsoron wuƙa, likita ta ce tunda safa ta riƙe ni ba dole ba ne. Da wannan ƙafar na yi ta tsayuwa har kuka gama makaranta. Dattawan nan ma yawancinsu sun dawo bencin da kansu, ba su tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Alhamdu lillahi.

Saura magana ɗaya, kuma ba ga 'ya'yana kaɗai ba, ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa. 'Yata Hauwa malamar makaranta ce, a tsaye take yini a gaban allo, kuma bayan haihuwarta ta baya na ga jijiyoyin sun fito mata a bayan gwiwa. An gaya mata yanzu akwai aikin da ake yi ba tare da yanka ba, a toshe lalatacciyar jijiyar da allura ko da zafi, jini ya koma bin masu lafiya. Ita ta yarda, mijinta ya yarda, ni ne ban samu natsuwa ba, domin ban taɓa ganin wanda aka yi wa ba. In akwai wanda aka yi masa, ko aka yi wa wani nasa, ina roƙonsa don Allah ya nemi Sabi'u mai shayi a Utako, direbobi za su nuna masa gida. Ina so in ji ko sun dawo bayan shekaru, ina so in ji tsawon lokacin da ɗaurin ke yi a ƙafa, da yadda ya yi da alwalarsa a kwanakin. Kada ya zo ya ce mini in daina damuwa, wannan an sha gaya mini. Ya zo kawai ya naɗe wando in gani da idona.